Ranar da Aka Ce In Tsallaka Ɗanlami

Matso nan kusa, kai mai shirin tafiya Saudiyya neman aiki, har da kai da ka je ka dawo. Janyo tabarma. Akwai abin da nake so ka ji daga bakina kafin ka ji shi a bakin wani an barbaɗa masa gishiri.

Ban taɓa mantawa da ranar da na shiga ofishin Ustaz Muhsin da tiren shayi a hannu, na roƙe shi ya ara mini bakinsa na yini ɗaya ba. Amma bari in faro maka daga tushe, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya kai ni ba.

Sunana Iliya, a Riyad kuwa Baba Ila ake ce mini. Bagobiri ne ni, kuma ba sai na faɗa ba, fuskata takan riga ni: tsagar gidanmu ce tun daga gefen baki har kusa da kunne, hagu da dama. Wajejen shekarar 2016 ina aikin farrash a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai a unguwar Al-Nasiriya. Farrash shi ne mai buɗe ofis, ya share, ya dafa shayi da gahawa, ya ɗauki takarda daga wannan tebur ya kai wancan. A tsarin ofis babu na ƙasa da shi. Na sama da kowa shi ne mudir, wato shugaba. Namu Balarabe ne, kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini, sunansa ne a kan iƙamata, takardar izinin zamana. In ya ce zamana a ƙasar ya ƙare, to ya ƙare.

Littattafan da muke bugawa ba irin waɗanda ka saba gani ba ne. Labari ne cikin zane, su komik suke ce masa. Kowane shafi an yanka shi gida-gida, kowane gida da hotonsa, magana kuma tana fitowa daga bakin mutum cikin wani ɗan zagaye kamar balam-balam. Da na fara aiki na zaci mai zanen shi ne mai labarin. Ashe ba haka ba ne. Marubuci ne ke zama ya tsara komai: a wannan gidan tsoho na tsaye bakin rijiya, kada a nuna fuskarsa, hannunsa kawai, a na gaba yarinya ta waiwayo. Sai a aika wa mai zane. Tamu wata mata ce a can Indunusiya, ban taɓa ganinta ba sai a allon kwamfuta. Ta zana, wani ya shafa launi, wani ya zuba magana, mudir ya duba, a kai wa injin. Kuma ba a sakin labari gaba ɗaya. Kashi-kashi ake yi, duk wata ɗaya, a yanke shi daidai inda ranka ya fi son ji. Saboda haka babbar dokar gidan, wadda mudir ya gaya mini tun ranar da na fara, ita ce ƙarshen labari ba ya fita ƙofa. Ka fasa kofi a yafe maka, ka makara a yafe maka, amma ka faɗi yadda labari zai ƙare, sai jirgi.

Marubucin da gidan ke taƙama da shi, Ustaz Muhsin, namu ne. Ubansa likita ne Bakano da ya daɗe yana aiki a Riyad, kowa Dakta yake ce masa. A can aka haifi Muhsin, a can ya tashi, Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausarsa irin ta wanda ya ji a kicin ce: ya san sunan kowace miya, amma in gaisuwa ta wuce layi biyu sai ya fara dariya. Labaran tsoro da na aljanu yake rubutawa, kuma Allah ya ba shi. Littafinsa na farko, na wani ayarin raƙuma da ya ɓace a sahara ya dawo bayan zamani mai tsawo ba wanda ya tsufa a ciki, har lambar yabo ya ciyo a wani taron marubuta a wata ƙasar Larabawa. Tana nan bisa kabad ɗinsa, ni ke goge mata ƙura.

Ina son yaron nan, kada ka ji abin da zai biyo baya ka ce dama ƙinsa nake yi. Ba ya rubutu a zaune. Kai-komo yake yi a ɗaki yana karanta wa mudir da ƙarfi, ya yi muryar tsohuwa, ya yi ta yaro, ya yi ta abin da ba mutum ba. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma kunnena ba ya zubar da magana, kuma Larabcin titi ya zauna mini. Sau da yawa sai in tsinci kaina a tsaye da tire, shayi ya huce. Har ya mai da ni ma'auni. In ya ga na wuce ban tsaya ba sai ya yage shafin, ya ce, "Baba bai tsaya ba, ya'ani shafin ya mutu."

Yanzu bar ofis, zo in nuna maka ɗakina. Ni ba mai yawo ba ne. Shekarun da na yi a Riyad, in ka cire hanyar ofis da masallaci da baƙala, wato kantin da nake sayen kayan miya, kana iya ɓatar da ni a layi na uku. Ɗaki gare ni a saman wani gida a Al-Suwaidi, irin wanda ake ginawa a kan rufi. Duk abin da nake da shi a ƙasar nan shi ne Juma'a. Tun safe nake ɗora tukunya, tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da masu dawowa daga gida suke yo mini tsaraba. Ana saukowa masallaci sai ka ga 'yan uwa suna hawowa, direbobi da leburori da masu gadi, takalma har kan matakala. A ci, a yi gardamar siyasar gida, a yi barcin rana a jere. Mutum ya yi mako guda ana kiransa da "ya walad" ko "ya sadiƙ", wato kai yaro ko kai aboki, ranar ce kaɗai zai ji an kira sunan da uwarsa ta san shi da shi.

Biyu daga cikinsu sai ka riƙe su. Ɗanlami, Bakatsine, direban wani gida a Al-Shifa. Jirgi ɗaya ya kawo mu, shi ya fara koya mini yadda ake cewa "nawa ne" da Larabci, kuma gefen damana ne wurin zamansa a faranti. Sai Rasaki, Bayaraben Ilori da ya tashi a Zariya, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ka san tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Yakan ce kakansa ne ya yi wa kakana wannan zane don kada ya ɓace a kasuwa.

To, wata rana Ustaz Muhsin ya ce yana son ya ɗauke ni hoto. Haka suke yi: in ana son zane ya yi kama da mutum, sai a tsai da wani a ɗauke shi ta gaba da ta gefe, a aika wa mai zane ta riƙa dubawa. An taɓa yi wa akawunmu, an yi wa mai gadi. Na tambaye shi wa zan zama, ya ce mutumin kirkin labarin, wanda ya fi kowa a garin. Na sa babbar rigata ta Sallah, na riƙe fitila, na kalli sama, na kalli ƙasa. Har daɗi na ji.

Bai yi mini ƙarya ba, wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da kunnena na ji yana karanta wa mudir: wani gari ne yara ke ta ƙanjamewa suna mutuwa, kowa ya ɗora wa wani tsoho mai tsaga da ke zaune shi kaɗai a bakin rijiya. Sai a kashi na ƙarshe za a gane tsohon ne yake tare abin da ke cikin rijiyar, ba don shi ba da ba yaro ko ɗaya a garin. Abin da ban lissafa ba shi ne kafin a kai wannan ƙarshe sai an yi kusan shekara. Kuma ban san sunan da zai sa wa littafin ba.

Ranar da aka kawo kashi na farko daga wurin bugu, ni na yanke igiyar kwalin. Sai ga ni. Ba mai kama da ni ba, ni. Tsagata layi-layi ba a rage ko ɗaya ba, har ɗan karkacewar haƙorina na ƙasa. An mai da idanun kore, an sa mini inuwar wani yaro a tafin hannu ina matse ta. A sama an yi rubutun Larabci, a ƙasa kuma da manyan baƙaƙen boko, waɗanda ko ni ina iya haɗawa: MAYE.

Kai Bahaushe ne, ba sai na gaya maka nauyin kalmar nan ba. Shi kuwa Muhsin a bakin kakarsa ya tsince ta wani hutu da aka kai shi Kano, ya ajiye ta wuri ɗaya da dodo da gizo. A wurinsa kayan tatsuniya ce, har yana alfahari ya sa kalmar gida a bangon littafi. Bai san akwai gidajen da har yau ba a neman aure a cikinsu saboda an taɓa jifan kakar kakarsu da ita ba. Na yi masa magana a ranar, ya dafa kafaɗata ya ce ai Larabawa da Turawa ne masu karantawa, wa zai gani a cikin mutanena?

Kafin Juma'a ta zagayo kowa ya gani. Kamfani ya sa hoton a talla, 'yar Rasaki ta gani ta nuna wa ubanta, shi kuma ya jefa shi a zauren 'yan Najeriya na waya, ya rubuta a ƙasa cewa yau asirin bawansa ya tonu. Wasa yake yi, kuma yana da hurumin yi. Ranar an sha dariya, ni ma na yi. Wani ya ce a ƙirga yaran unguwa, wani ya ce dama ya lura naman miyar nan ba ya kama da na baƙala.

Amma irin wannan wasa ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Da kashi na biyu ya fito, aka ga tsohon yana raba wa mutane abinci, sai dariyar ta ragu. Na fara jin ana cewa ɗan Dakta fa mai ilimi ne, kullum yana tare da mutumin nan, duk fuskokin da ke Riyad me ya sa ya zaɓi wannan? Ruwa ba ya tsami banza. Wani ya tuno cewa ba na fita. Wani ya tuno ba a taɓa ganina a asibiti ba. Takalman matakala suka fara raguwa. Masu zuwan ma sai ka ga mutum yana motsa baki kafin ya kai loma, addu'ar da ta fi bismilla tsawo. Ɗanlami bai fasa ba. Ya ce da su in Ila maye ne, ai da shi ya fara cinyewa tun a jirgi, don a lokacin ya fi ƙiba.

Sai Ɗanlami ya kwanta. Ya ci tuwo ranar Juma'a lafiya lau, kafin tsakiyar mako zazzaɓi ya hau masa kai, ba ya gane mutane. Kuma cikin sambatunsa suna ɗaya yake kira: Ila, Ila. To wa zai kira? Matarsa na Katsina, uwarsa ta rasu, ni ne nake jiƙa masa tsumma duk lokacin da ya yi ciwo a ƙasar nan. Amma ka san abin da ake cewa idan majinyaci ya kama sunan mutum.

Ranar Laraba ƙanensa Sabi'u, wanda ke aikin gini, ya hawo ɗakina da mutum biyu. Ba su zauna ba. Cikin ladabi ya yi maganar, wannan ma ya fi zagi zafi. Ya ce ba su zo faɗa ba, ba kuma za su kai maganar ko'ina ba, abin da suke roƙo kawai in zo in tsallaka ɗan'uwansu in sake shi. Na ce a kai shi asibiti. Ya ce asibiti ba ya maganin wannan, allura ma ƙarasa shi za ta yi, kuma ba mai ɗaga Ɗanlami daga shimfiɗar nan sai na tsallaka. Suka ba ni zuwa bayan sallar Juma'a.

Ka ga inda aka sa ni. In na tsallaka, na amsa sunan da bakina. In na ƙi ya mutu, ni na cinye shi. In na faɗa musu ƙarshen labarin da kaina, ban da aikina da zai tafi, wa zai yarda? Ai ba a taɓa jin wanda ake zargi ya ce eh ba. Mutum ɗaya ne maganarsa za ta yi nauyi, wanda ya zaɓi fuskar.

Shi ya sa ranar Alhamis da hantsi na shiga ofishinsa. Na ajiye shayin na ce, "Ustaz, yau ba farrash ne ya shigo ba, Baba Ila ne."

Ya ture kwamfutarsa gefe, ya ce in zauna. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga takalman matakala har zuwan Sabi'u. Ya saurara da gaske, fuskarsa ta canza. Na ce abu ɗaya nake roƙo.

"Ka zo gobe bayan masallaci, ka sa hannu a tuwona a gabansu. Sannan mu je Al-Shifa ka gaya musu abin da ka gaya wa mudir, cewa tsohon nan ba shi ke cin yaran ba, shi ke tsaron su."

Ka san abin da ya fara yi? Ƙofa ya kalla. Ya tashi ya tura ta, ya dawo ya rage murya.

"Baba, don Allah kada ka sake faɗin wannan da ƙarfi."

Na ce ashe akwai maganar da ake jin tsoron fitarta a gidan nan.

Ya ce ba haka ba ne, in fahimce shi. Littafin gaba ɗaya a kan wannan sirrin yake tsaye. Ɗaki cike da mutane, kowa da waya a hannu, kafin magariba maganar ta zaga duniya, aikin shekara biyu ya zube, ba nasa kaɗai ba, har na matar Indunusiya da na mai launi. Ya ce kuma gobe da sassafe jirginsa zai tashi, ana jiransa a wani baje-kolin littattafai. In yi haƙuri zuwa bayan azumi, kashi na ƙarshe zai fito, duk wanda ya zarge ni sai ya ji kunya.

Na ce, "Ɗana, tsohonka na takarda zai iya jira har bayan azumi, ba ya cin abinci da kowa. Ɗanlami fa?"

A nan ya yi abin kirki, ba zan ɓoye ba. Ya ɗaga waya ya kira Dakta, ya yi masa bayanin ciwon, Dakta ya ce a kawo shi ko yaushe, zai sa a karɓe shi. Na yi godiya. Na sake gaya masa cewa ba za su bari a ɗaga shi ba sai na tsallaka. Sai na ga idonsa ya yi wani haske da na sani, irin na lokacin da yake kai-komo yana muryoyi. Hannunsa ya tafi kan biro.

"Tsaya, Baba. Wannan tsallakawar, yaya ake yin ta? Ta kai ake farawa ko ta ƙafa? Da riga ko ba riga?"

Wallahi da mari ya kai mini da ya fi mini sauƙi. Na tsaya ina kallonsa, shi kuma yana jira, bakin biro a kan takarda. Na ɗauki tirena na fita, shayin ma ban bar masa ba.

Na wuce wurin mudir. Shi dariya ma abin ya so ba shi. Ya buɗe bangon littafin ta ciki ya nuna mini wani siririn layi da sai ka kanne ido, ya ce an rubuta a nan cewa duk mutanen labarin ƙirƙira ce, in sun yi kama da wani to dacewa ce. Na ce ya mudir, dacewa ce ta sa ni babbar riga ta ba ni fitila? Sai ya daina dariya. Ya ce in yi hankali, maganar sihiri a ƙasar nan ba ta wasa ba ce, in ta kai kunnen hukuma ba littafi za a kama ba, baƙar fata mai tsaga za a kama. Halas, in koma bakin aikina.

Ranar Juma'a ban ɗora tukunya ba. Rasaki ya zo da motarsa ta aiki ya kai ni Al-Shifa. Tun da muka taso bai ce "bawana" ko sau ɗaya ba. Ɗakin direba ne a gefen gareji, cike da mutanen da suka shekara suna cin abincina. Ba wanda ya ba ni hannu. Ɗanlami na kwance a ƙasa, leɓɓansa sun tsage, numfashi sama-sama. Ina ganinsa na san ba shi da wani bayan azumi.

Rasaki ya fara masifa, yana cewa shi ya tura hoton, shi za a tuhuma, kuma dukansu jahilai ne marasa kunya. Na ce ya yi shiru. Na tambayi Sabi'u, in na yi, za a sa shi a motar nan yanzu-yanzu? Ya ce za a sa. Na ce ya rantse, ya rantse.

Suka ce in tuɓe riga, na tuɓe. Da furfurata, da jikokina a gida. Na ɗaga ƙafa na tsallaka aminina, na juyo na sake, na sake. A na ƙarshen ya buɗe ido. Ya dube ni a tsaye a kansa ba riga, ya dubi mutanen da ke kewaye, sai ya juya fuskarsa bango.

Aka ɗauke shi. Dakta ya ce ciwon ƙoda ne ya haɗu da zazzaɓi mai zafi, da an ƙara kwana da sai dai wani labarin. Aka yi masa ƙarin ruwa da allurai, cikin mako biyu ya miƙe. Ka san abin da aka ce? Ba a ce Dakta ya iya aiki ba. Cewa aka yi, kun gani, yana tsallakawa ya sake shi.

Daga ranar matakalata ta koma takalmi ƙafa biyu, nawa da na Rasaki. Bai taɓa fashi ba. Ya zauna ya cinye rabon mutum uku yana kushe gishiri, yana cewa kurwar Bayarabe barkono gare ta, ta fi ƙarfin cikin Bagobiri. Wata Juma'ar yana cikin wannan sai na ga hawaye na zuba masa a miya. Na ce yajin ne, ya ce eh, yajin ne.

A ofis kuwa aiki bai tsaya ba. Ina kai shayi, ina goge lambar yabo. Abu ɗaya ya canza, in Ustaz yana karatu ba na tsayawa. Ya lura, amma bai ƙara yage shafi a kaina ba. Bayan wata biyu na yanke igiyar wani kwali, na buɗe tsakiyar littafin, sai ga ni ba riga, ƙafa a sama, ina tsallaka yaro, mutanen gari sun kewaye ni. Ashe kakarsa ya kira a waya ta ba shi bayanin da na hana shi. Mudir ya ce a duk littafin ba shafin da ya kai wannan, masu karatu sun yi ta magana a kansa.

Bayan azumi kashi na ƙarshe ya fito. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi kyau. Inda tsohon ya shiga rijiyar da fitilarsa, yaran gari suka farka, ni kaina da na san zancen sai da tsikar jikina ta tashi. Littafin ya ciyo masa lambar yabo ta biyu, wadda ta fi ta farko girma. Aka ce ya nuna wa duniya yadda jama'a ke zaluntar bare.

Wata Juma'a sai ga shi ya hawo matakalata, ya sa kaftani, lambar a hannu cikin akwatinta. Ya ce tawa ce, ya zo cin tuwon da na taɓa roƙonsa ya ci. Na shimfiɗa masa tabarma, don baƙo baƙo ne. Ya duba ɗakin ya ce ina sauran jama'ar? Rasaki ya ce, "Suna jiran kashi na gaba." Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ci, ya ba ni haƙuri, kuma na yarda har zuciyarsa ne. Ya ce yanzu a shirye yake ya je ya gaya wa kowa. Na ce yanzu ai ba sirri ba ne, ko a kanti ana sayarwa. Lambar kuma na ce ya mai da ita kan kabad, can na saba goge 'yar'uwarta.

Wasu sun dawo daga baya, ɗaya-ɗaya, ba wanda ya tayar da zancen, ni ma ban tayar ba. Amma Ɗanlami tun bayan sallamarsa daga asibiti ya karɓi takardar fita ta dindindin ya koma Katsina, bai yi mini sallama ba. Rasaki ya ɗauki hoton shafukan ƙarshe ya tura masa, ya bi da dogon bayani. Bayan kwanaki amsa ta zo, da muryarsa, a wayata. Har yau tana nan. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali. Sannan ya ce ya ga hotunan, shi dai bai riƙe ni da komai ba, kowa da yadda Allah ya yi shi, kuma Allah ya saka mini da alheri da na tuna zumunci na sake shi.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Masu rubuta labari ba miyagu ba ne, Muhsin bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma duk abin da ya shiga kunnensu kayan aiki ne, kukanka ma in ya yi daɗin ji sai sun tambaye ka ta ina ka faro shi. Suna tausayin mutumin da suka ƙirƙira har su hana kansu barci, na gabansu mai kawo shayi kuwa sai ya jira bayan azumi. Ni dai ba zan kira kowa da sunan da aka kira ni ba, na san zafinsa. Abin da zan ce maka, in ka je can aka ce tsaya a ɗauke ka hoto, kada ka tsaya a tambayar wa za ka zama a ƙarshe. Tambayi me za a riƙa kiranka kafin a kai can, kuma su wa za su ji.

Rasaki har gobe cewa yake da ban tsallaka ba, da mun fasa ƙofa mun ɗauke shi da ƙarfi. Ni kuma nakan ce mu biyu ne, su ɗaki guda, kuma numfashin nan da na ji ba na jiran gardama ba ne. Na rasa amini, amma yana can da ransa yana aurar da 'ya'yansa. To kai da ka ji duka, da kai ne a bakin shimfiɗar nan, rigarka a hannu, za ka tsallaka ko ba za ka tsallaka ba?